Zauren Iyali: Akurki a Gidan Haya

Da wuya a shiga gida a Nima ko Maamobi ko Kanda ba a ji carar zakara ba, amma kaɗan ne gidajen da suka yi wa kaji makwanci na kirki. Galibi kwando ake kifa musu a lungu, ko a tura su madafa su kwana cikin tukwane. A gidan da iyalai da yawa suke tarayya a tsakar gida ɗaya, wannan sakaci yana shafar kowa.

Roƙonmu shi ne a ɗaga akurki daga ƙasa. A yi masa ƙafafu na katako masu tsawon santimita 60 ko fiye, a rufa shi da kwano mai gangara. Wanda ya ga ambaliyar daren 3 ga Yuni 2015 a Accra, ko yake zaune kusa da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ya san yadda ruwa ke shiga gida cikin ɗan lokaci. 'Yan tsaki kuwa jiƙa ɗaya ta ishe su mutuwa. Tsayin nan yana kuma wahalar da gafiya da ɓera, musamman idan an sanya raga mai ƙananan idanu, domin raga mai manyan idanu kaza kawai take tsarewa. Kada a toshe ko'ina da leda don tsoron ruwa; zafin Accra da warin kashi sun fi iska illa. Kaji uku ko huɗu sun ishi murabba'in mita ɗaya. A share kashin akai-akai, a zuba toka saboda ƙuma.

Wurin da za a kafa shi ma abin lura ne. A nisanta shi daga randa da murhu da ƙofar maƙwabci, kuma a nemi yardar mai gida tun kafin a buga ƙusa. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Ghana a 2007 a yankin Tema, ta dawo a 2015 da 2021, kuma tana iya kama mutum. Saboda haka yara ba sa wasa a ƙarƙashin akurki, wanda ya share shi ya wanke hannu da sabulu.

Sai kazar da aka sayo a kasuwa gab da Salla, ko aka kawo tsaraba daga arewa. Ita ce ta fi shigo da ciwon fakat mai share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman a lokacin hunturu. A ware ta a wani kejin daban har mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Akwai rigakafin fakat da ake ɗigawa a ido, a tambaya a ofishin likitan dabbobi. Idan kuwa kaji suka fara mutuwa bi da bi, kada a yanka sauran a ci ko a sayar, kada kuma a jefa mushen a kwata. A sanar da likitan dabbobi a ranar.