Kukan Aksil da Lita Ukun da Ake Ƙyashin Saya

Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura daga Malumfashi zuwa Funtua a lokacin kaka ya san wannan kuka. Daga tsakanin tayoyin baya yake fitowa, siriri kamar kukan kare da tsakar dare, yana ƙaruwa idan direba ya taka totur, yana lafawa idan ya ɗaga ƙafa. Idan fasinja ya yi magana, amsar ba ta sauyawa: "Haka take, halinta ne." Wannan amsa ƙarya ce mai tsada. Ƙarfe ba shi da hali. Duk lokacin da ya yi kuka, to cin ɗan'uwansa yake yi.

Abin da ke kukan shi ne tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar aksil ɗin baya, wadda makanikai ke kira difaranshal. Aikinta biyu ne: ta karɓi juyin farfela ta karkatar da shi zuwa tayoyi, sannan ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. A cikinta akwai ƙaramin giya da ke tura babba. Tun cikin shekarun 1920 masu ƙera motoci a Amurka suka fara saukar da ƙaramin ƙasa da tsakiyar babban, kuma wannan tsari ne ya zama ruwan dare. Saboda haka haƙoransu ba turin juna kawai suke yi ba, suna kuma gogar juna a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wurin, shimfiɗar mai ce da ba ta kai kaurin gashi ba.

Shi ya sa aka yi wa wurin mansa na daban, mai lambar GL-5, galibi mai kauri 80W-90 ko 85W-90, wanda aka zuba wa sinadaran farar wuta da fosforas domin ya jure wannan matsi. Baƙin man inji ba a yi shi don wannan aiki ba. Shi kansa man aksil ɗin zafi yana cinye sinadaransa a hankali, ya koma ruwa mai warin ƙuna. A yawancin motocin ɗaukar kaya irin su Hilux, abin da tukunyar ke ci bai wuce lita 2 zuwa 3 ba. Amma ga mai mota yana juyen baƙin mai a kan kari, shekaru suna shuɗewa ba a taɓa kwance notin aksil ba.

Ƙasar Malumfashi kuwa ba ta yi wa aksil sassauci. A-kori-kura irin wannan an yi ta ne don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 na masara mai kilo 100. Wanda ya tsaya a bakin kasuwar Bakori ko ta Dandume ya ƙidaya buhunan da ke kan kowace mota, ba ya bukatar ƙarin bayani. Da damina kuma akwai ruwa. Aksil yana da ɗan hancin shan iska a samansa. Idan mota ta faɗa rafi a hanyar ƙauyukan Kafur da tukunya a zafe, iskar ciki takan takure nan take, ta zuƙo ruwa ta wannan hanci ko ta sil. Man ya rikiɗe ya zama kamar shayi da madara, tsatsa ta kama boris. Motar da ta yi irin wannan tsallake tana bukatar a duba manta a makon, ko da jiya aka zuba shi.

Kukan ma ba iri ɗaya ba ne, kuma makanike na gari yana fassara shi. Wanda ke tashi idan an ba da wuta yakan nuna haƙoran giya sun cinye ko saitinsu ya goce. Wanda ke zuwa idan an saki totur yakan nuna boris ɗin ƙaramin giya ya saki. Gurnanin da ke bin gudu, boris ne na ciki ko na taya. Ƙarar "ƙwas" a lokacin tashi kuwa, ko dai haƙora sun yi rata, ko mahaɗin farfela ya gaji. Akwai kuma shaida da ba ta ƙarya: notin tsiyaya yana da maganaɗisu. Idan ya fito da laushin toka kaɗan, babu damuwa. Idan da ɓarɓashin ƙarfe, aikin ya wuce na mai.

A nan ne algus ke shigowa. Sabon mai yana hana cin ƙarfe, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Makaniken da ya ɗura mai kauri ko ya cusa giris don kuka ya lafa, bai gyara komai ba, bakin mara lafiya ya toshe. Dillalin da ya sa a yi haka kwana biyu kafin ya kai mota kasuwa, ba shi da bambanci da mai zuba tsakuwa a ƙasan buhu ya rufe da hatsi mai kyau.

Sai dai laifi tudu ne. Da yawa daga cikin waɗannan motoci na ma'aikata ne da 'yan kasuwa mazauna Katsina, Kaduna da Abuja, waɗanda suka saya suka ba direba, suna jiran balas a waya kowane mako. Mutum mai digiri, wanda ba zai sa hannu a takarda ba sai ya karanta, ba ya iya faɗin ranar da aka sauya man aksil ɗin motarsa. Idan direba ya nemi kuɗin gyara, sai a zarge shi da neman na goro. Direban da aka ƙayyade wa abin da zai kawo, dole ya ƙara lodi ya yi shiru da kuka. Ranar da aksil ya tarwatse kuma, shi ne mai gangancin.

Masu kare wannan sakaci suna da hujja biyu. Ta farko, tsofaffin Fijo da aka harhaɗa a Kaduna sun yi shekaru ba wanda ya kula da aksil ɗinsu. Suna tuna waɗanda suka tsira, sun manta da tulin gawarwakin da 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Ta biyu, jabun mai ya cika kasuwa. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa shi ne sayen galan a rufe daga dillalin da aka sani, a buɗe a gaban mai mota. Kuɗin lita uku bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne. A bi littafin motar, a kuma ɗauki ma'aunin aiki mai tsanani, wanda ga motoci da yawa yake kusan kilomita 40,000. A fara kwance notin zubawa kafin na tsiyaya, kada a zubar da tsohon mai na sama ya ƙi buɗuwa. A cika har mai ya kawo bakin ramin. A rubuta rana da kilomita a littafi.

Aksil ba ya mutuwa a gareji. Yakan mutu ne da lodi a kai: da tumatirin Danja da ba ya jiran gobe, ko bayan magariba a hanyar Ƙanƙara, inda ba wanda ke fatan ya kwana. Direba da yaran mota ne ke tsayawa a wannan duhu, mai motar kuwa yana gida yana duba waya ko balas ya shigo.