Sukar Ƙasar Sin: Wa Ya Rufe Mana Baki?

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wannan jami'a tamu, har a bakin wasu malamai da nake ganin girmansu. Da zarar an ambaci sukar da duniya ke yi wa ƙasar Sin, sai ka ji an ce ai hassada ce kurum, Amurka ta ga wani na shirin ture ta daga kujera. Ni ban musa akwai hassada ba. Ƙasar da ta afka wa Iraƙi a 2003 bisa ƙarya ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi a kan makamai, kuma sansanin sojan da Sin ta buɗe a Jibuti a 2017 ba komai ba ne in an gwada da waɗanda Amurka ta barbaza a duniya. A kan soja kam na sallama. Amma don mai magana yana da kashi a gindi, wannan ba ya mai da duk abin da ya faɗa ƙarya.

Ni mutumin ƙasar Kazaure ne, kuma ba a rediyon Turawa na fara jin illar cinikin Sin ba. A gida na gan ta. Da can manomi a ƙauyukan Roni da Gwiwa, komai talaucinsa, yana da jakin kai taki gona da ɗauko dawa. Sai ga dillalai suna bin kasuwannin kan iyaka suna kwashe jakuna, ba don aiki ba, don a yanka a fitar da fatar zuwa Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani. Kawuna da ke wajen Babura jakinsa ya mutu, ya je kasuwa ya ji kuɗin wani, ya dawo gida da igiyarsa a hannu. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Su ma ɗin Amurka ce ta zuga su?

Haka marinan Kano da suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki a 2015 suna kukan yadin Sin ya kashe musu sana'a. Gaskiya ne rashin wuta da fasa-ƙwaurin 'yan kasuwarmu su suka fara kwantar da masaƙun Kano da Kaduna, amma kowa ya san kayan wa suka cika Kantin Kwari daga baya.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne zancen 'yan ƙabilar Uigur, Musulmin yankin Shinjiyan. Sin ta ce wuraren da ta tara su makarantun koyon sana'a ne na yaƙi da ta'addanci. To, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba Amurka ba, shi ya fitar da rahoto ran 31 ga Agusta 2022 cewa tsare mutanen nan da aka yi yana iya zama laifin cin zarafin bil'adama, har ana ɗaukar gemu da lulluɓi alamar tsattsauran ra'ayi. Mu da muke cika titi in an taɓa Falasɗinu, a nan mun yi gum. Kai, shirun ma da sauƙi! A Yulin 2019 Nijeriya na cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu a takardar yaba wa Sin kan wannan yanki, tare da Saudiyya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, baki in ya ci sai ya ji kunya. Da bashin Sin aka yi layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Hatta layin Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Kazaure, wanda aka aza tubalinsa a 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa na wani kamfanin gwamnatin Sin ne. Ina son jirgin nan, wallahi, zan ma shiga. Gwamnati dai ta ci bashi, ana iya cewa shi ya ɗaure mata harshe. Ku malamai da ɗaliban da ke kare Sin a ɗakin lacca, nawa ta ranta muku?