Maganin da ke farkar da albasa

A wannan wata lambu za mu leƙa, domin a nan Pumpumre da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan'uwa mai noman albasa, ko mai loda buhunanta zuwa Yawunde da Duwala.

Duk wanda ya yi noman rani a bakin Binuwai ya san tabon nan mai ruwan shunayya da ke fitowa a jikin lawashi idan raɓa ta yi yawa. Fumfuna ce. Lawashi ya bushe, albasa ta kasa yin kai, ga bashin iri da na taki yana jira. Abin da muka saba shi ne feshi da maganin da ke kashe fumfunar.

To, akwai wani irin magani da ba ya kashe komai. Aikinsa shi ne ya farkar da shuka ta kare kanta, ta haɗa sinadaran da ke hana cuta yaɗuwa a jikinta. A 1979 wani masani a Ingila ya sa wa ganyen taba ruwan asfirin, ya ga ya fi jure wa wata cutar bairos. A 1996 aka fito da maganin Bion, wanda a Amurka ake kira Actigard, an kuma gwada shi a kan albasa.

Amma fa a yi hattara. Shuka tana bukatar kwanaki kafin ta shirya, saboda haka kafin tabo ya bayyana ake fesa shi. Mu malaman makaranta mun san abin da ke samun yaron da bai buɗe littafi ba sai daren jarrabawa. Rage cuta yake yi, ba kawar da ita ba. Kuma kare kai yana cin ƙarfin shuka: a gwajin da aka yi a Amurka, yawan feshi da shi ya rage amfanin gona.

Kada kuma wani ya ji mun ambaci asfirin ya je ya daka ƙwayoyi ya zuba a fadama. Idan awo ya wuce kima, ganye ƙonewa yake yi. Mai son gwadawa ya fara tuntuɓar malaman gona ko ma'aikatan IRAD na nan Garwa, ya gwada a kunya biyu ko uku, ya bar sauran yadda ya saba, ranar cira ya auna ya gani.