Lafiya Uwar Jiki: Hanji Ma Ɗalibi Ne, Abin Da Ka Koya Masa Shi Yake Yi

A wannan mako za mu tsaya ne a kan saƙon wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare, wanda ya rubuto daga ƙaramar hukumar Kiyawa ta Jihar Jigawa. Ya roƙi kada a ambaci sunansa ko na makarantarsa, kuma mun cika masa alkawari.

Ya ce tun da ya shiga makarantar kwana yakan yi kwana huɗu ko biyar bai zaga ba. In ya je, sai ya yi ta nishi har gumi ya karyo masa, abin da zai fito kuma kamar kashin awaki. Cikinsa kullum a kumbure, abinci ba ya masa daɗi, a aji kuma hankalinsa ba ya wajen malami. Abokansa sun ce basir ne, har ya sayi wani jiƙo a kwalba ya sha. Ya yi kwana biyu yana gudawa, bayan mako guda abin ya dawo. Tambayarsa ita ce: akwai mafita ba tare da ya zama mai shan magani kullum ba?

Ƙanena, akwai mafita. Kuma ka sani ba kai kaɗai ba ne, kunya ce ta hana sauran magana.

Ba kowane ciwon ciki ne basir ba

A ƙasar Hausa kusan duk abin da ya shafi ciki da bayan gida sai a jingina shi ga basir. Basir na ainihi kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura. Abin da ka bayyana ya fi kama da cushewar ciki, wato taurin bayan gida, irin wadda likita zai duba ya ga hanji lafiyarsa ƙalau, babu toshewa, babu ƙari, aikinsa ne kawai ya rikice. Sau da yawa ma yawan nishi a bandaki ne ke jawo basir ɗin daga baya.

Ba dole ne kowa ya zaga kullum ba. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin yana fita da laushi ba tare da wahala ba. A shekarar 2016 ƙwararrun likitocin ciki suka fitar da sabon bugu na ƙa'idojin da ake kira ƙa'idojin Rum. A cikinsu, yaro ko matashi yana da wannan matsala idan ya yi wata guda yana fama da biyu ko fiye daga cikin waɗannan: zagawa sau biyu ko ƙasa da haka a mako, riƙe bayan gida da gangan, tauri ko zafi wajen fita, fitar mai kauri sosai, taruwarsa a ƙarshen hanji, da ɓata wando ba da sani ba.

Yadda abin yake farawa

Babban hanji tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma babban aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Duk daɗewar da ragowar ta yi a ciki, haka za ta ƙara bushewa. Idan ta iso ƙarshen hanji, jiki yakan aiko da saƙo cewa lokaci ya yi.

To a nan ne ɗan makarantar kwana yake shiga tarko. Saƙo ya zo da safe, amma an kaɗa ƙararrawar taro. Ko layi ya yi tsawo a bakin bandaki, ko babu ruwa a buta, ko wurin ya ƙazantu, ko ƙofar ba ta rufuwa. Sai ka matse ka ce sai dare. Kafin dare saƙon ya ɓace. Gobe ma haka. A hankali ƙarshen hanji yakan buɗe ya saba da ɗaukar kaya, har ya daina aiko da saƙo da wuri. Ranar da ka je kuwa, abin ya bushe ya yi tauri, ya fita da zafi, wani lokaci har ya tsaga fatar wurin. Tsoron wannan zafi sai ya sa ka ƙara matsewa. Ka ga an koma gidan jiya.

Shi ya sa na ce hanji ɗalibi ne. Riƙewa aka koya masa, ya kuwa haddace. Tunda da koyo ya lalace, da koyo zai gyaru, kuma a nan ne aikin likitocin fisiyo yake shigowa.

Me ya haɗa likitan fisiyo da bandaki?

Yawancinmu mun san likitan fisiyo da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin mai shanyewar ɓarin jiki. Amma aikinsa ya shafi duk inda tsoka take, kuma zagawa aikin tsoka ne. A ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar faifai suna tallafe da mafitsara da hanji. Ɗaya daga cikinsu ta zagaye ƙarshen hanji kamar igiya, ta lanƙwasa shi don kada abu ya fita ba shiri. Lokacin zagawa dole ta saki. Wasu mutane kuma, saboda sabo da matsewa, suna yunƙuri da ciki alhali ƙofar a ɗaure take, kamar mai tura jaki gaba yana riƙe da igiyarsa ta baya. Irin wannan ko ya sha maganin wankin ciki ba zai rabu da wahala ba sai ya koyi saki.

Ga darussa biyar da za ka iya farawa da su a ɗakin kwananku, ba tare da ka kashe ko kwabo ba.

Na farko, lokaci. Da zarar abinci ya shiga tumbi, babban hanji yakan motsa, musamman bayan karin kumallo. Don haka ka ware minti biyar zuwa goma bayan cin abinci ka je bandaki, ko ka ji alama ko ba ka ji ba, a lokaci guda kullum. In safiya ta yi cunkoso, zaɓi bayan abincin rana ko na dare. In babu abin da ya fito, tashi abinka, gobe ka dawo. Kuma duk sa'ad da saƙo ya zo, amsa shi. Neman izinin malami na minti biyar ya fi ciwon mako guda sauƙi.

Na biyu, zama. Tsugunno yana sassauta igiyar nan ya miƙar da hanya. A nan mu masu masai da salga mun ci riba, domin a ƙasashen da ake zama a kan kujerar bandaki har ɗan dandamali suke saya su ɗora ƙafa. In na zama ne a gidanku, ɗora ƙafafunka a kan ƙaramar kujera ko bulo, gwiwoyi su ɗara ƙugu, ka ɗan sunkuyo gaba.

Na uku, numfashi. Kada ka riƙe numfashi ka yi ta nishi har idanu su yi ja. Ja iska ta hanci har cikinka ya taso, sannan ka fitar da ita a hankali ta baki kamar mai hura koko, ka bar ƙasanka a sake. Ka riƙa gwada wannan numfashi a kwance, da hannu ɗaya a kan cibiya, minti biyar kafin barci, har ya zama jiki.

Na huɗu, tausar ciki. Kwanta rigingine ka tanƙwashe gwiwoyi. Fara daga ƙasan ciki ta dama, ka hau sama zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ka ratsa zuwa hagu, ka gangaro ƙasa. Wannan ita ce hanyar da babban hanji ya bi. A yi da tafin hannu, a hankali, kamar minti goma. Ba a yin ta da an gama cin abinci, haka nan ba a yi wa mai matsanancin ciwon ciki, ko mai ƙaba, ko mai juna biyu, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Tana taimaka wa wasu, amma 'yar rakiya ce, ba ta wadatarwa ita kaɗai.

Na biyar, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 na motsa jiki kowace rana. Ƙwallo, gudu, keke, tsallen igiya, langa, ko tafiya da sauri, duk suna ciki. Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, ku riƙa miƙewa kuna ɗan zagayawa tsakanin karatu.

Wanda ya yi duk wannan bai ga sauƙi ba, likita yakan tura shi sashen fisiyo, irin na manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can za a duba yadda tsokokin ke aiki a koya masa matsewa da saki. A duniyar likitanci har akwai na'urar da ke nuna wa mutum aikin tsokarsa a allon kwamfuta, yana gani yana gyarawa, kuma ta tabbata tana da amfani ƙwarai ga manya masu matsalar rashin saki.

Abin da ke cikin kwano

Wani likita ɗan ƙasar Ayalan mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka ba su cika fama da cushewar ciki irin ta Turawa ba. Ya danganta hakan da cin hatsi da dusarsa da ganyaye, kuma a shekarun 1970 ya yi ta jan hankalin duniya a kan haka. Abin da ya yaba shi ne ɓangaren abinci da jiki ba ya narkarwa, irin dusa da ɓawon wake da zaren ganye, wanda ke riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 10 yana buƙatar aƙalla giram 25 na irin wannan a rana, da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Abin mamaki, mu da muke da shi a ƙofar gida muna gudunsa. Akwatin ɗan makaranta a yau cike yake da biskit, taliya da lemon kwalba, ga burodi da farar shinkafa. Ɗan Kiyawa kuwa bai da uzuri: ƙasar Dutse ta yi suna da dabino, kasuwar Shuwarin tana nan a ƙaramar hukumarku. Ranar ziyara, ka roƙi Umma ta zo maka da dabino, aya, gyaɗa, goruba, magarya da busasshen zogale. Ranar wake a ɗakin cin abinci kada ka ba da rabonka. In an dawo hutu, a rungumi tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, dambu, fate, kwaɗon rama, gwanda, goba da mangwaro. Sai dai a ƙara su sannu a hankali, domin yi a tashi ɗaya yana kawo kumburi da iska.

Kuma duk wannan sai da ruwa. Matashi yana buƙatar wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, fiye da haka ma in bazara ta kankama. Da hunturu ƙishirwa takan ɓuya, sai a manta. Ku duba fitsarinku: in ya yi ja, jiki na neman ruwa. 'Yan mata masu rage shan ruwa don gudun shiga bandakin makaranta, ku sani hanji ne ke biyan wannan bashi.

Maganar magani

Ba cewa nake magani haramun ne ba. Idan bayan gida ya riga ya taru ya daskare, motsa jiki da dabino ba za su fitar da shi ba. Likita zai ba da mai tausasa shi, irin su laktulos ko makrogol, wani lokaci na tsawon watanni, sannan darussan nan su yi aiki. Abin gudu shi ne jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da shan kanwa, da mayar da filasko abin shan kullum ba tare da shawarar likita ba. Ku kuma sani wasu magunguna suna ɗaure ciki, kamar ƙwayar ƙarin jini. Wadda aka rubuta wa ita kada ta daina, ta dai gaya wa likita. Tiramol da kodin kuwa suna kashe wa hanji kuzari, ban da sauran ɓarnarsu da ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In ka ga jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, ko amai da kumburin ciki har iska ba ta fita, ko zazzaɓi da matsanancin ciwon ciki, ko ƙafafu sun yi sanyi fitsari yana kufcewa, ka gaya wa malamin ɗakin kwana ko iyaye a tafi asibiti a ranar. Haka nan yaron da ya fara wannan matsala tun yana jariri, likita ne zai duba shi.

In kuma kana da ƙane da ke ɓata wando alhali ya girma, kada a doke shi. Sau da yawa mai ruwa-ruwa ne ke zagaye daskararren ya zubo, shi bai ma ji ba. Asibiti yake buƙata, ba bulala ba.

Aikin gida

Ƙanena na Kiyawa, ga aikinka. Ware shafi guda a bayan littafinka, ka riƙa rubuta ranar da ka zaga, da tauri ko laushi, da yawan ruwan da ka sha. Ka bi darussan nan mako huɗu, domin hanjin da ya daɗe yana koyon riƙewa ba zai sauya a kwana uku ba. In babu canji, ɗauki shafin ka kai wa likita. Zai taimaka masa fiye da dogon bayani.

Ku kuma shugabannin ɗalibai, ruwa a bandaki da ƙofa mai sakata maganar lafiya ce. Ku tsara sharar wurin, ku kai kuka ga hukumar makaranta cikin ladabi, a kuma daina yi wa mai neman izinin fita dariya.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sirrinku yana nan a rufe. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.