Mu Dasa Anza a Lambun Makaranta

Yara, in kun fita daji da bazara, sa'ad da ciyawa ta bushe, itatuwa suka kakkaɓe ganye, za ku ga wani ɗan itace shi kaɗai kore shar. Sunansa anza. Ba ta cika wuce tsayin mutum biyu ba. Tana fitowa a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tun daga Sanagal har Sudan. Saiwarta na nutsawa ƙasa ƙwarai, ganyenta kuwa kauri gare shi, shi ya sa fari ba ya kashe ta.

A ganina, ya kamata kowace makaranta ta ba anza wuri a lambunta. Mu kan wahala wajen ban ruwa ga furannin da aka kawo daga waje, in rijiya ta ƙafe su mutu. Anza kuwa, da zarar ta kama ƙasa, ba ta neman guga.

Ba mu kaɗai za ta amfana ba. Da kaka zuwa hunturu ta ke fure, ƙudan zuma su sami abinci lokacin da furanni suka yi wuya. Tsuntsaye su kan sha 'ya'yanta in sun nuna, ƙadangaru kuma su fake a inuwarta. Manoma su kan sa ganyenta a rumbu don ya kori ƙwari.

Waɗansu sun rena ta, suna cewa abincin yunwa ce. Gaskiya ne, a shekarar 2005 da abinci ya yi wuya a Nijar, mutane da yawa da ƙwayarta suka rayu. Ashe wanda ya tsaya maka ranar wuya shi ne abin reni? Amma ku kula, ƙwayar ɗaci gare ta, tana kuma cutarwa, sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa kafin a dafa. Kada yaro ya ci ta ɗanya.

Waɗansu kuma sun ce ba ta girma da wuri. Haka ne, amma sannu ba ta hana zuwa. Ku samo nunannun 'ya'ya da damina, ku shuka ƙwayar nan da nan, don in ta daɗe ba ta tsira. Ku kewaye ta da ƙaya. Ƙannenku za su tarar da ita kore, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.