Rubutun Majigi A Wurin Taro Da Hatsarin Kumbon Columbia

Yanzu da wuya a yi babban taron masana, ko na ma'aikatan gwamnati, ba a kafa majigi ba. Mai bayani yana tsaye, rubutunsa na haskawa a bango shafi bayan shafi. A farfajiya kuwa masu bincike sun manna manyan takardu, kowa ya tsaya gindin tasa yana jiran mai tambaya. Al'adar tana da amfani, amma akwai wani labari da muke so akawuna da malamai su riƙe kafin su shirya nasu.

Ran 16 ga Janairu 2003 Amurka ta harba kumbon Columbia da mutum 7 a ciki. Bayan tashinsa da daƙiƙa 82, wani ɓalli na abin rufin tankin mai, mai kama da soso, ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu. Kumbon na sama, injiniyoyin kamfanin Boeing suka yi wa shugabannin hukumar NASA bayani da shafukan PowerPoint. Kanun shafi guda, da manyan baƙaƙe, ya nuna kamar lissafinsu ya ma zarce wajen tsoron ɓarna, watau hankali ya kwanta. Can ƙasa kuwa, da ƙananan baƙaƙe, aka rubuta cewa ɓallin da ya bugi kumbon ya fi wanda aka yi gwaji da shi girma sau 640. Ashe gwajin bai isa a kafa hujja da shi ba, amma sai wanda ya kai ƙarshen shafin ya sani. Shugabanni suka yanke cewa ba haɗari. Ran 1 ga Fabrairu kumbon ya wargaje a sararin Jihar Tekzas yana komowa, ba wanda ya tsira.

Ba mu ce shafin majigi kaɗai ya jawo wannan ba, gama kwamitin bincike ya sami laifuffuka da yawa cikin tafiyar da hukumar. Duk da haka, a rahotonsa na watan Agusta 2003, kwamitin ya kawo shafin nan tare da sharhin Edward Tufte, masani na Jami'ar Yale, wanda ya ƙirga matakai 6 na jerin maganganu a shafi ɗaya, muhimmiyar kuwa tana cikin na ƙasa. Kwamitin ya soki yadda majigi ya maye gurbin cikakken rahoto a ofisoshin NASA.

Takardun bango ma ciwonsu ke nan. Mai bincike yakan ɗebo rahotonsa duka ya cusa a takarda guda, har mai wucewa ya gaji tun bai soma karatu ba. A 2019 wani ɗalibin Jami'ar Jihar Mishigan, Mike Morrison, ya kawo shawara: a rubuta sakamakon binciken cikin jimla ɗaya mai sauƙi a tsakiya, yadda za a karanta daga nesa, a tura bayanin hanya da alƙaluma gefe. Masu bincike da dama sun bi, wasu kuwa sun ce an rage wa ilmi nauyi.

Mu dai muna ganin shawarar tana da kyau, muddin jimlar nan ta faɗi gaskiyar abin da aka gano tare da iyakarsa. Ai shafin Boeing ma babban kanu gare shi. In gwaji bai kai ba, a faɗi haka a sama. Wata magana kuma ba ta majigi ba ce sam. A 2004 shugaban kamfanin Amazon na lokacin, Jeff Bezos, ya hana PowerPoint a taron manyan ma'aikatansa. Takarda ake rubutawa da cikakkun jimloli, kowa ya karanta shiru a farkon zama, sa'an nan a soma shawara.