SHARHI: Gubar da ke ɓuya cikin sirof ɗin yara, da abin da ya rage a hannun iyaye

A ranar 13 ga Oktoban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da gargaɗi kan wasu magungunan tari na ruwa guda uku da aka haɗa a Indiya: Coldrif da Respifresh TR da ReLife. Kafin gargaɗin ya fito, yara fiye da 20 sun riga sun mutu, akasarinsu daga gundumar Chhindwara ta jihar Madhya Pradesh, bayan ƙodarsu ta daina aiki. Da aka gwada Coldrif, sai aka tarar kashi 48.6 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar sinadarin dayetilin gilaikol ne, wanda ake taƙaita sunansa da DEG. Iyakar abin da ƙa'ida ta amince da shi ita ce kashi 0.1 cikin 100. An rufe kamfanin Sresan da ya haɗa maganin a jihar Tamil Nadu, an kuma kama mai shi.

Hukumomin Indiya sun shaida wa WHO cewa ba a fitar da waɗannan magunguna zuwa ƙasashen waje ba. Duk da haka labarin ya shafi kowace mai jego a Nijeriya, domin gubar da ta kashe yaran Chhindwara ita ce ta kashe na Jos a 1990, ta sake kashe na Legas da Zariya a 2008, kuma hanyar da take bi ta shiga kwalba tana nan a buɗe har yau.

Yadda gubar ke shiga kwalba

Jariri ba ya haɗiye ƙwaya, shi ya sa ake narkar masa da magani a ruwa mai zaƙi. Wasu magungunan, kamar farasitamol, ba sa narkewa sosai a ruwa zalla, don haka masana'antu ke amfani da gilisarin ko furofilin gilaikol ko sobitol wajen narkar da su. Waɗannan ba sa cutarwa idan an tace su yadda ake tace na magani. Matsalar ita ce suna kama ƙwarai da wasu sinadarai biyu na masana'antu, DEG da etilin gilaikol, waɗanda ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya inji. Ba su da launi, kusan ba su da wari, suna da ɗanɗanon zaƙi, kuma sun fi araha.

A nan dillali ke samun ƙofa. Duro guda na sinadari kan ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya isa masana'anta, kuma a kowace tasha ana iya sauya takardar da ke jikinsa. A Afrilun 2024 WHO ta yi gargaɗi kan wasu durarruka da aka gano a Pakistan ɗauke da tambarin jabu na kamfanin Dow, an rubuta furofilin gilaikol a jikinsu, alhali akwai etilin gilaikol a ciki daga kashi 0.76 zuwa 100 cikin 100. Ƙa'idar haɗa magani ta ce a gwada kowane duro kafin a zuba shi a tukunya. Gwajin yana buƙatar na'ura mai tsada da ƙwararren ma'aikaci, shi ya sa ƙananan kamfanoni da dama ke dogaro da takardar da dillali ya miƙo musu.

Idan yaro ya sha, hanta ce ke sarrafa sinadarin zuwa wasu nau'o'in asid da ke lalata ƙoda. Yakan fara da amai da ciwon ciki da gudawa, alamomin da kowace uwa za ta ɗauka ciwon da take jinya ne ya ƙaru, ta ƙara masa cokali. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya ragu, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Daga nan sai wankin ƙoda, wanda asibitocin da ke yi wa ƙananan yara shi ba su da yawa.

Ba baƙon abu ba ne a Nijeriya

Duniya ta san wannan guba tun 1937, lokacin da maganin Elixir Sulfanilamide ya kashe fiye da mutum 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar abinci da magunguna ta ƙasar a 1938. Nijeriya ta ɗanɗani nata a 1990. Tsakanin Yuni da Satumbar shekarar, yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da DEG. Shekara uku bayan haka aka kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, da dokar soja mai lamba 15 ta 1993.

A Nuwamban 2008 likitoci a Legas da Ibadan da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fara ganin ƙananan yara na zuwa babu fitsari. Bincike ya kai ga My Pikin, maganin fitar haƙori da kamfanin Barewa ke haɗawa a Legas. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 suka mutu. Kamfanin yana da lasisi, amma ya sayi sinadarin narkar da maganin a hannun ɗan kasuwar da ba shi da izinin sayar da kayan haɗa magani. Sai a Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

Darasin My Pikin mai ɗaci ne ga iyaye. Ba a bakin tasha iyayen yaran suka tsinci maganin ba. A kemis suka saya, cikin kwali mai suna da adireshi, daga kamfanin da hukuma ta sani.

Daga Banjul zuwa Fundong

A tsakiyar 2022 likitocin Gambiya suka lura da yawaitar mutuwar yara sakamakon ciwon ƙoda. Ƙasar ba ta da ɗakin gwajin da zai iya gano DEG, dole aka aika samfuri ƙetare, yara na ci gaba da shan maganin kafin sakamako ya dawo. A ranar 5 ga Oktoban 2022 WHO ta ambaci sirof huɗu na kamfanin Maiden da ke jihar Haryana ta Indiya. Yara kusan 70 suka mutu. Kamfanin ya musanta laifi, gwamnatin Indiya ta ce nata gwajin bai nuna guba ba, amma kwamitin majalisar dokokin Gambiya ya ɗora alhakin a kan kamfanin.

A shekarar ce yara fiye da 200 suka mutu a Indunusiya, inda kamfanonin cikin gida ne suka haɗa magungunan. A Uzbekistan yara 68 suka mutu bayan shan sirof ɗin kamfanin Marion Biotech na Indiya, kuma masu gabatar da ƙara sun shaida wa kotu cewa an ba da cin hancin dala 33,000 don a tsallake gwajin da doka ta wajabta. A Fabrairun 2024 kotun Tashkent ta hukunta mutum 23, ta ɗaure shugaban kamfanin da ya shigo da maganin shekara 20. A 2023 abin ya iso maƙwabta: aƙalla yara shida suka mutu a Fundong da ke yankin Arewa maso Yammacin Kamaru bayan shan Naturcold, wanda gwaji ya nuna DEG a cikinsa ya kai kashi 28.6 cikin 100.

Idan aka jera waɗannan aukuwa, abu uku ke fitowa. Na farko, kusan kullum gawarwakin yara ne ke fara tona asiri kafin ɗakin gwaji. Na biyu, gubar ba ta da ƙasa, domin ta fito daga masana'antun Indiya kamar yadda ta fito daga na Legas da na Indunusiya, don haka cewa na gida ya fi aminci ko na waje ya fi aminci duk zance ne. Na uku, hukunci yakan faɗa kan mai masana'anta ko mai shigo da kaya, dillalin sinadarin da ya sauya takardar duro kuwa sau da yawa yakan sha.

Ina NAFDAC ta tsaya?

Adalci ne a ce hukumar ta yau ta fi ta 2008 ƙarfi. A Maris ɗin 2022 WHO ta sanya ta a mataki na uku cikin matakai huɗu da take auna hukumomin magunguna da su. A Afrilun 2024 ta janye wani rukuni na Benylin na yara da aka haɗa a Afirka ta Kudu, bisa cewa gwajinta ya nuna DEG, Kenya da Ruwanda da Tanzaniya suka bi sahu. Daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta ce ba ta ga guba ba a nata gwajin. Janye maganin da ake zargi kafin a rasa rai shi ne daidai, amma saɓanin sakamakon ya nuna yadda gwajin kansa ke buƙatar ƙwarewa da ma'auni iri ɗaya.

Babban gibin yana kasuwa. Nijeriya na shigo da kusan kashi 70 cikin 100 na magungunanta, kayan haɗa ragowar ma yawancinsu daga Indiya da Sin suke zuwa. Daga tashar ruwa, kaso mai yawa na ratsa buɗaɗɗun kasuwanni kafin ya isa kemis ɗin unguwa. A Fabrairun 2024 NAFDAC da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,000 a Sabon Gari, Kano, don tilasta wa 'yan kasuwa komawa cibiyar sari ta Dangwauro da ke hanyar Zariya. A Fabrairun 2025 aka rufe kasuwannin magani na Idumota a Legas da Onitsha da Aba na wani lokaci. Samame yana kwashe jabu da wanda wa'adinsa ya ƙare, amma jami'in da ke duba kwali da ido ba zai ga DEG ba.

Akwai kuma batun janyewa. Idan hukuma ta sanar da lambar rukunin da ya gurɓace a shafinta na intanet da Turanci, mai kemis a ƙauyen Jigawa da matar da kwalbar ke kan kwabarta ba lalle su ji ba. Sanarwar da ba ta shiga rediyo da harshen mutane ba, ba ta fitar da kwalba ko ɗaya daga ɗaki.

Magungunan da tun farko ba a buƙatarsu

Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin yaran da suka mutu ba sa buƙatar maganin da ya kashe su. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a bai wa yaron da bai kai shekara biyu ba maganin tari da mura na kanti, Birtaniya kuma ta kai iyakar zuwa shekara shida a 2009, saboda ba a tabbatar da amfaninsu ga ƙananan yara ba, illarsu kuwa an san ta. Tarin mura yakan tafi da kansa. Tarin da ya zo da saurin numfashi ko lotsawar ƙirji kuwa alamar namoniya ce, kuma sirof ɗin tari ba ya warkar da ita, jinkirta zuwa asibiti kawai yake yi.

Haka zancen haƙori. A gidaje da yawa, da zarar ɗan wata shida ya yi zazzaɓi ko gudawa sai kaka ta ce haƙori ne. Fitar haƙori na kawo dalalar yawu da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan lokaci garkuwar da jariri ya samo daga uwa ke raguwa, ya fara cin abinci, ya fara rarrafe yana kai komai baki. Wanda ya kira zazzaɓin cizon sauro haƙori ya yi asara biyu: an bar ainihin ciwon, an kuma ɗura wa yaro abin da bai kamata ba.

Abin da iyaye za su iya yi

Uwa ba ta da na'urar gwaji a ɗakinta, amma tana iya rage yawan kwalaben da ke shiga bakin ɗanta. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Zazzaɓi a jikin wanda bai kai wata uku ba na asibiti ne nan take, ba na kemis ba. Ga ƙaiƙayin dasashi, shafawa da yatsa mai tsabta ta wadatar. Ga tari, yawan shayarwa da abin sha mai ɗumi ga wanda ya fara cin abinci, da zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya kaɗai, domin tana da haɗari ga wanda bai kai ba.

Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta sirof, a saya a shago mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukuni, a kuma guji wanda aka juye a kwalbar da ba tasa ba. Lambar NAFDAC ba ta ba da tabbacin abin da ke cikin kowane rukuni, amma ita da lambar rukunin ne ke sa a iya bin sawun magani idan ya yi ɓarna. A ajiye kwalin har a gama sha. Mafi muhimmanci, a sa ido kan fitsari. Yaron da ke shan sirof ya wuni ƙunzugunsa a bushe, ko ya kama amai ba ƙaƙƙautawa, ko ya yi laushi da yawan barci, a dakatar da maganin, a kai shi asibiti tare da kwalbar.

Sauran nauyin na gwamnati ne. A wajabta gwada kowane duro na gilisarin da furofilin gilaikol da sobitol kafin amfani, a yi wa dillalan waɗannan sinadarai rajista kamar masu sayar da magani, a riƙa ɗebo sirof daga shagunan unguwa ana gwadawa tare da bayyana sakamako ga jama'a, a kuma umurci asibitoci su kai rahoto cikin gaggawa duk lokacin da yara biyu ko uku suka zo a jere da ɗaukewar fitsari. Indiya ta wajabta gwada sirof ɗin tari kafin fitar da shi waje tun Yunin 2023, ta bar na cikin gida, sai ga Chhindwara bayan shekara biyu. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shekara 18 ne tsakanin Jos da My Pikin, shekara 17 kuma tsakanin My Pikin da Chhindwara, kuma har yau duron da ke shiga masana'anta ba tare da gwaji ba zai iya ƙarewa a cokalin da uwa ke miƙa wa ɗanta.